Gayus Mariyus, Sarkin Yaƙin Rumawa Da Ya Buɗe Wa Talaka Ƙofar Soja

Duk wanda ya yi karatun tarihin Rumawa a makaranta ya san sunan Juliyas Kaisar, amma kaɗan ne suka san mijin gwaggonsa, Gayus Mariyus, alhali kuwa rundunar da Kaisar ya ci ƙasar Faransa da ita a zamanin wannan mutum ta fara ɗaukar siffarta. Labarinsa ya isa a tsaya a kansa, gama shi ne ya ceci birnin Roma sa'ad da kowa ya fid da rai, kuma shi ne daga baya ya shiga birnin nan da takobi tsirara yana kashe mutanensa. Mai karatu ya lura, shekarun da za a ambata a nan na kafin haihuwar Annabi Isa ne, alaihissalamu, saboda haka lissafinsu baya baya ya ke tafiya, watau shekara ta 107 ta riga shekara ta 100.

An haifi Mariyus a shekara ta 157 a wani ƙauye kusa da garin Arpinum, wajen mil 60 kudu maso gabas da Roma. Gidansu yana da ɗan abin hannu a ƙauye, amma a Roma ba a san su ba, kuma a zamanin nan wannan babban cikas ne. Rumawa sun riga sun kori sarakunansu tun da daɗewa, mulki ya koma hannun Majalisar Dattawa da waɗansu shugabanni biyu da a ke zaɓa kowace shekara, a kan kira kowannensu Konsul. Su ne shugabannin gari, su ne kuma sarakunan yaƙi. A bisa doka kowane ɗan ƙasa na iya neman wannan muƙami, amma a aikace waɗansu 'yan gidaje kaɗan ne suka mai da shi gadonsu. Wanda babu wani kakansa da ya taɓa riƙe babban muƙami, sabon mutum a ke ce da shi, kuma ba yabo ba ne.

Kafin a gane abin da ya yi, sai an san yadda sojan Rum ya ke kafin shi. A da Rumawa ba su da soja na tsaye. In yaƙi ya taso sai a duba littafin ƙidaya, a kirawo manoma masu gona 'yan shekara 17 zuwa 46, kowa ya zo da makaminsa da ya saya da kuɗinsa, in an gama yaƙi a sallame su su koma gona. An kasa jama'a aji biyar gwargwadon dukiyarsu. Wanda dukiyarsa ba ta kai ta aji na biyar ba, kansa kaɗai a ke rubutawa a littafi, kuma ba a ɗaukarsa cikin runduna sai in masifa ta kai maƙura. Hujjarsu ita ce, mai gona shi ne ya ke da abin karewa.

Babbar ƙungiyar yaƙinsu, wadda su ke kira lijiyon, tana da dakaru 4,200 da barade 300. Samari marasa ƙarfin aljihu 1,200 su ne 'yan share fage, suna gaba da masun jifa, ba sulke. Bayansu sahu uku ne bisa ga shekaru: matasa 1,200 a sahun farko, cikakkun mazaje 1,200 a na biyu, sa'an nan dattawa 600 masu dogayen masu a na uku, waɗanda ba su tashi sai al'amari ya lalace. Kowane sahu an yanka shi ƙananan ƙungiyoyi goma, da fili tsakaninsu, don na baya su sami hanyar shigowa in na gaba sun gaji. Da wannan tsari suka ka da Hanibal, suka ci ƙasar Girka.

Amma nasara da kanta ita ce ta kawo cuta. Da daula ta yi faɗi, yaƙi ya daina zama na rani ɗaya. A kan kai manomi Sifen ya shekara shida ko fi, ya komo ya tarar gonarsa ta mutu, ko kuwa wani attajiri ya haɗiye ta ya zuba bayi suna noma masa. Mutane suka shiga gudun kiran yaƙi. Hukuma ta rage iyakar dukiyar da a ke nema daga kuɗin tagulla 11,000 zuwa 4,000, daga baya kuma ta fara ba soja tufafi daga baitulmali, duk dai don a sami masu cika sahu. Cikin wannan hali Mariyus ya tashi.

Ya fara yaƙi a Sifen a shekara ta 134, wajen kewaye garin Numantiya, ƙarƙashin Sipiyo Emiliyanus, wanda ya rushe Kartaji. An ce wata rana wajen cin abinci aka tambayi Sipiyo inda Rum za ta sami wani kamarsa in ya kau, sai ya dafa kafaɗar saurayin nan, ya ce wataƙila ga shi nan. A wannan sansani akwai kuma wani ɗan sarki daga Afirka ta Arewa mai suna Jugurta, wanda ya kawo barade gudummawa. Mai karatu ya riƙe sunansa.

Hawansa a sha'anin mulki da rarrafe ya yi shi. A shekara ta 119 ya zama wakilin talakawa. Ya nemi wani muƙami ya faɗi, ya sami na alƙalanci a shekara ta 115 da ƙyar, shi ne na ƙarshe cikin waɗanda aka zaɓa, har aka kai shi ƙara kan sayen ƙuri'a, ya kuɓuta don ƙuri'un masu shari'a sun zo daidai. Ya yi gwamna a Sifen, ya komo da dukiya, ya auri Juliya 'yar gidan su Kaisar, gida mai asali amma ba kuɗi. Ba shi da zaƙin baki, bai kuwa koyi harshen Girka ba, wanda shi ne ado ga masu ilmi na lokacin, kuma bai ɓoye rainin da ya ke yi wa masu taƙama da shi ba.

A shekara ta 109 aka tura Konsul Metelus ya yaƙi Jugurta, wanda a lokacin ya ƙwace sarautar Numidiya, ƙasar da yau ta ke cikin Aljeriya da yammacin Tunisiya. Mariyus ya tafi a matsayin mataimakinsa. Soja suka so shi, gama abin da su ke ci shi ya ke ci, in ana haƙa gwalalo yana cikin masu haƙa. Da ya nemi izini ya je gida ya tsaya takarar Konsul, sai Metelus ya ce masa ya dakata ya tsaya tare da ɗansa. Ɗan nan kuwa shekararsa wajen 20, shi Mariyus ya kusa 50. Wannan magana ta ci masa rai, kuma a ganinmu ita ce tushen ƙiyayyar da ya riƙe wa manyan gidaje har kabarinsa. Ya matsa har aka sake shi, ya isa Roma, ya yi ta sukar manya cewa da gangan su ke jan yaƙin, aka zaɓe shi Konsul na shekara ta 107, taron jama'a kuma ya karɓe yaƙin daga hannun Metelus ya ba shi.

To, a nan ne ya yi abin da aka fi tunawa da shi. Majalisar Dattawa ta yarje masa ya ɗebi ƙarin soja, da zaton tilasta wa manoma zai zubar masa da farin jini. Sai ya bar littafin ƙidaya a ajiye, ya ce duk mai so ya zo. Waɗanda suka amsa yawancinsu marasa gona ne, mutanen nan da kansu kaɗai a ke rubutawa. 'Yan dubbai ne kawai, hukuma ta ba su makamai, aka zuba su jirgi. A ranar ba wanda ya ɗauki abin da girma. Amma manomi in ya je yaƙi gida ya ke ɗoki, shi kuwa wanda ba shi da gona soja ita ce sana'arsa, albashi da ganima su ne amfanin gonarsa, kuma ranar sallama ita ce ranar da ya fi tsoro.

Yaƙin Afirka ya ƙara cin shekara biyu. Mariyus ya ratsa hamada ya ci garin Kafsa, wanda yau a ke kira Gafsa a Tunisiya, ya ƙone shi. Wata kagara kuma a kan dutse kusa da kogin Muluya ta gagare shi, har wani soja da ya fita tsintar dodon koɗi ya bi su yana hawa, bai farga ba sai ga shi a ƙolin dutsen ta baya, ya komo ya nuna hanya. Duk da haka ba a kama Jugurta da ƙarfi ba. Surukinsa Bokus, sarkin ƙasar da ke yamma wajen Maroko, shi ya bashe shi a shekara ta 105, ya miƙa shi a ɗaure ga wani matashin hafsa na Mariyus, ɗan babban gida, mai suna Sulla. Sulla ya sa aka zana masa hoton miƙawar nan a zoben hatiminsa, yana buga wa takardu. Mariyus bai yafe masa ba.

Ana cikin haka sai mugun labari ya zo daga arewa. Waɗansu kabilu, Kimbirawa da Tutonawa, sun taso daga wajen ƙasar Danmak da matansu da 'ya'yansu da kekunan shanu suna neman wurin zama, sun riga sun karya rundunonin Rum fiye da sau ɗaya. Ran 6 ga Oktoba, shekara ta 105, a Arausiyo, garin da yau a ke kira Oranj a bakin kogin Ron cikin Faransa, suka haɗu da rundunoni biyu. Ɗayan sarkin yaƙin ɗan babban gida ne, ɗayan sabon mutum, sai ɗan gidan ya ƙi haɗa sansani da wanda ya raina, aka bi su ɗai ɗai aka murƙushe. Marubutan da sun ce soja 80,000 suka halaka. Tsoro ya sa Rumawa suka ture doka, suka zaɓi Mariyus Konsul yana can Afirka, suka kuma yi ta maimaita zaɓensa shekara biyar a jere, daga 104 zuwa 100, abin da ba a taɓa yi wa kowa ba.

Ya taki sa'a, abokan gaba suka karkata zuwa Sifen, ya sami shekara biyu ta horo. Ya zaɓi rundunar da Konsul Rutiliyus ya riga ya sa malaman 'yan wasan takobi suka koya wa sara da suka, ya kai ta kudancin Faransa, ya hana ta zama. Kullum tafiya ce da gudu da rawar daji. Ya rage ayarin dabbobi da barorin da kan bi runduna suna rage mata sauri, ya sa kowane soja ya ɗaura kayansa a bisa sanda mai baki biyu ya saɓa a kafaɗa: abincin kwanaki, da tukunya, da kayan haƙa, ban da garkuwa da takobi da masu. Don haka aka yi musu laƙabi alfadaran Mariyus. Da ya ga bakin kogin Ron ya cushe da yashi, jiragen abinci ba su iya shiga, sai ya sa su haƙa hanyar ruwa daga teku. Horonsa da tsanani, amma ba son kai. Wani hafsa, ɗan 'yar'uwarsa, ya nemi wani saurayin soja da alfasha, saurayin ya kashe shi. Da aka kawo shari'a gaban Mariyus ya ji yadda aka yi, sai ya sallami yaron, ya kuma ɗora masa kambin yabo da hannunsa.

A da rundunonin Rum suna da tutoci iri biyar, mikiya, da kyarkeci, da doki, da aladen daji, da wani dodo mai jikin mutum da kan sa. A shekara ta 104 Mariyus ya soke huɗu ya bar mikiya kaɗai, kowace lijiyon da tata, kuma ba abin kunya ga runduna kamar ta rasa ta. A wannan zamani ne kuma sahu ukun nan na da suka narke, 'yan share fage suka ɓace, kowa ya koma makami iri ɗaya: kwalkwali, sulke, doguwar garkuwa, gajeren takobi da mashin jifa. Lijiyon ta zama ƙungiya goma da a ke kira kohot, kamar a ce bataliya, kowace da mutum wajen 480, an kasa ta shida, kowane kashi mutum 80 ƙarƙashin hafsa mai sandar inabi, wanda sunan muƙaminsa shugaban ɗari ne ko da ya ke mutanensa ba su cika ɗari ba. Mutum takwas kuma tanti ɗaya, tukunya ɗaya.

A nan ya kamata malamai su yi hattara, domin tsofaffin littattafan makaranta sukan jibga wa Mariyus dukan waɗannan gyare-gyare kamar a zama ɗaya ya tsara su. Masanan tarihi na yanzu sun nuna ba haka ba ne. An yi yaƙi da tsarin kohot a Sifen shekara ɗari kafin shi, kiran tilas bisa littafin ƙidaya ya ci gaba bayansa, mashin nan kuma da aka ce ya sa wa ƙusar itace don ya karye in ya soki garkuwa, masu tonon kufai ba su sami irinsa ba. Abin da ke nasa tabbas shi ne ɗaukar marasa gona a fili, da horo, da mikiya, da kuma nasarar da ta sa kowa ya kwaikwayi hanyarsa.

Nasarar ta zo a shekara ta 102. Tutonawa suka iso bakin sansaninsa suna tsokana, ya hana sojansa fita, ya sa su tsaya bisa ganuwa suna kallo har idonsu ya saba da waɗannan ƙatti. An ce kwana shida suka yi suna wucewa. Sa'an nan ya bi su a hankali har Akwe Sekstiye, watau garin Eks na yau kusa da Marsel, ya kama tudu, ya ɓoye mutum 3,000 cikin kurmi. Da abokan gaba suka gaji da hawa, 'yan kwanton ɓauna suka faɗa musu ta baya, kabilar ta ƙare, aka kama sarkinta. Da shekara ta kewayo ya haɗu da abokin aikinsa Katulus a filin Berseli, arewacin Italiya, suka tari Kimbirawa cikin tsananin zafi, rana tana dukan fuskar mutanen da suka saba da ƙanƙara. Da maza suka karye, matansu suka kashe 'ya'yansu suka kashe kansu a bakin kekuna don gudun bauta. A filin nan ya ba waɗansu Italiyawa wajen dubu haƙƙin zama 'yan ƙasar Rum saboda jaruntakarsu, da aka ce ya keta doka sai ya ce ƙarar makamai ce ta hana shi jin muryarta. Talakawan Roma suka kira shi mutum na uku da ya kafa birnin.

Da ya mutu a ranar da sunansa ya tsira. Amma ga dubban soja sun zo sallama, hukuma kuwa ba ta tanada musu kome ba, ba fansho, ba garatuti. Majalisar Dattawa ta ɗauka aikin tsohon soja ne ya koma gonarsa, ta manta waɗannan ba su da ita. Tilas sarkin yaƙinsu ya nema musu ta hanyar siyasa. Mariyus ya haɗa kai da wani wakilin talakawa mai zafin kai, Saturninus, wanda a shekara ta 103 ya samar wa tsofaffin sojan Afirka gona wajen eka 60 kowanne. A shekara ta 100 ya kawo wata dokar rabon ƙasa, tsofaffin soja suka cika dandali, da sanduna aka zartar da ita. Da mutanen Saturninus suka kashe wani ɗan takara, Majalisa ta umarci Mariyus ya kwantar da tarzoma. Ya kewaye abokan nasa, suka ba da kai bisa alkawarin ba za a kashe su ba, ya kulle su a zauren Majalisa, sai 'yan gari suka hau rufi suka jefe su da tubala har suka mutu. Ya rasa talakawa, manya kuma ba su karɓe shi ba.

Ya yi shekara goma a gefe. Ya ɗan fito a shekara ta 90, sa'ad da garuruwan Italiya suka yi tawaye suna neman haƙƙin 'yan ƙasa, amma Sulla ne ya kwashe sunan yaƙin, aka zaɓe shi Konsul na shekara ta 88, aka ba shi yaƙin Mitiridat, sarkin Pontus da ke bakin Bahar Aswad cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Yaƙi ne mai ganima, kuma tsoho ɗan shekara kusan 70, mai teɓa da ciwon gaɓoɓi, ya ce shi ya ke so. Wani wakilin talakawa ya sa taron jama'a ya karɓe daga Sulla ya ba shi, kamar yadda aka yi wa Metelus. Amma Sulla ya tafi sansaninsa a Nola, ya sa sojansa suka gane in Mariyus ya karɓa wataƙila waɗansu zai ɗauka, su kuwa a bar su hannu wofi. Suka jefe hafsoshin da aka aiko, lijiyon shida suka nufi Roma. Manyan hafsoshi duk suka ƙi bi sai ɗaya, amma ƙananan soja ba wanda ya ja baya. Wannan ne karo na farko da rundunar Rum ta ci birninta.

Mariyus ya gudu, aka sa farashi a kansa. An kama shi tsirara cikin taɓon fadamar Minturne, aka tura wani bawa ya kashe shi cikin ɗaki mai duhu, tsohon ya daka masa tsawa, bawan ya yar da takobi ya fita da gudu. Mutanen garin suka ba shi jirgi, ya tsallaka Afirka, ya zauna cikin kufan Kartaji, gwamna ya kore shi. Da Sulla ya tafi gabas, Mariyus ya komo a shekara ta 87, bai aske gashinsa ba tun ran da ya gudu. Ya tara bayi da tsofaffin sojansa, ya haɗu da Konsul Sinna, suka tsare hanyar abinci har Roma ta buɗe ƙofa. Kwanaki ana kisa. An ce duk wanda ya gaishe shi bai amsa ba, masu tsaronsa sun sami izini ke nan. Aka jera kawunan dattawa a dandali, Katulus abokin nasararsa ya kashe kansa. Ran 1 ga Janairu, shekara ta 86, ya zama Konsul karo na bakwai, bai cika mako uku ba ciwo ya ɗauke shi.

Da Sulla ya komo ya ci Roma karo na biyu a shekara ta 82, ya sa aka tone gawarsa aka watsa a kogin Aniyo, aka rushe alamun nasararsa, sai a shekara ta 65 Kaisar ya mai da su cikin dare, tsofaffin soja suka taru suna kuka. Maganar sallama kuwa ta ci gaba da haifar da yaƙin basasa, daga Sulla zuwa Pompi zuwa Kaisar, kowane sarkin yaƙi yana saye sojansa da alkawarin gona. Sarki Agustus ne ya rufe ta. Ya tsai da lijiyon 28 na dindindin, ya yanke wa'adin aiki, wanda ya tsaya a shekara 20, sa'an nan a shekara ta 6 bayan haihuwar Annabi Isa ya kafa baitulmalin soja dabam, ya zuba masa kuɗin sestas miliyan 170 daga aljihunsa, ya ɗora masa harajin kashi 5 cikin ɗari na gado da kashi 1 na kayan gwanjo. Daga nan kowane soja in an sallame shi yana karɓar sestas 12,000, watau fiye da albashinsa na shekara 13.